Tanif, nabe ko allifti: neman sunan abin da na kasa faɗa wa Hajiya

1/
Daren jiya Hajiya ta kira ni daga Kano, ni kuma ina nan Ingila sanyi ya ƙulle ni a ɗaki. Bayan gaisuwa ta ce, "Me kika ci?" Na buɗe baki na rasa ta cewa. Na ce miya na sha. Ta ce, "Da wane tuwon?" Na ce babu tuwo. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke lafiyarki kuwa?" To jama'a, ku zo mu nemi suna, don matsala biyu ce: abin da na dafa ba shi da sunan Hausa, yadda na dafa shi ma haka.

2/
Turawan Ingila turnip suke ce masa. Saiwa ce dunƙulalliya kamar babbar albasa, ƙasanta fari fat, samanta kuma, inda ya leƙo daga ƙasa rana ta taɓa shi, launin shuni mai ɗan ja. In kika yanka, cikin fari ne mai ruwa, ɗanyensa yana da ɗan yaji-yaji da ke hawa hanci. Dangin kabeji ne, kuma da ya fara tafasa ƙamshin zai tona asirin zumuncin. Sanyi yake so, ganyensa ma ana ci. Giram 100 nasa kalori 28 ne ko kusa da haka, alhali na dankalin Turawa ya haura 70, ga kuma bitamin C. Shi ya sa masu son rage ƙiba a nan suke manne masa.

3/
Na tambayi matan da muke zumunci da su a nan. Ta farko ta ce a kira shi farin karas. Na ƙi. Kama da wane ba ta wane. Karas dogo ne mai zaƙi, kuma a kantunan nan akwai wata saiwar daban, doguwa, fara, wadda in an ce farin karas ita kowa zai ɗauko. Wata ta ce gwazar Turawa. Ita ma ba ta shige ni ba, domin gwaza gari gare ta, tana cika ciki ta zauna daram, shi kuwa wannan kusan duk ruwa ne. Ban da haka na gaji da jingina wa Turawa duk abin da muka rasa sunansa. Dankalin da muke ce wa nasu ma daga tsaunukan Kudancin Amurka ya fito.

4/
Wata Yaya tamu 'yar Damagaram ta yi dariya ta ce su ai ba su da wannan wahala, nabe za su ce, daga navet na Faransanci. Kuma tana da hujja. Abin da muke ce wa kabeji su shu suke cewa, karas ɗinmu karoti ne a wurinsu, latas kuma salati. Iyaka ta riga ta raba mana kayan lambu gida biyu, kowa da bakin wanda ya kawo masa iri. Abin da ya ba ni sha'awa, navet ɗin da guntun ƙarshe na turnip duk daga kalma ɗaya ta Latin suka fito, napus. Ashe 'yan ɗaki ɗaya ne suka yi nisa da juna.

5/
Sai kuma wadda ta girma a Sudan ta ce Larabawa lift suke cewa. A Masar da Sham sukan jiƙa shi a ruwan gishiri da wata jar saiwa har ya koma ruwan hoda, a ci da gasasshen nama. Nan fa na tsaya, don wannan hanyar ta fi kowace tsufa a Hausa. Kalmar Larabci in za ta shigo mana, sau da yawa da "al" ɗinta take shigowa: albasa, alkama, allura, allo. Da a ce fataken Sahara ne suka kawo mana wannan saiwa tare da albasa, da yau allifti muke cewa, babu mai ko ɗaga gira. Ku faɗe shi a baki ku ji: allifti. Ya zauna kamar tun kaka da kakanni. Lifti tsirararsa kam ba zai yiwu ba, sai a ɗauka rage hanya kike roƙo a bakin titi.

Gaskiya zuciyata tana kan allifti. Amma suna ba don ado ake raɗa shi ba. In na je wurin mai kayan lambu na ce a ba ni allifti, kallona zai yi. Wanda duk zai sayar da abin nan, a jikin takardar iri ya fara ganin sunansa, da Turanci ko da Faransanci. Karas da kabeji da latas ba wani kwamiti ne ya zauna ya yanke su ba, bakin 'yan kasuwa ne ya tauna su har suka yi laushi.

6/
Don haka na tsaya a kan tanif. Harafin ƙarshe ya koma f yadda bakinmu ya saba. Namiji ne kamar karas: tanif ɗin nan ya tsufa, tanif ya yi tsada. 'Yan Nijar su riƙe nabe ɗinsu, mun saba da hakan.

7/
Saura girkin, kuma nan ne rigimar ta fi zafi. Ga yadda nake yi. Tanif matsakaita huɗu, wajen rabin kilo, a fere su da ɗan kauri don ɗacin a kusa da ɓawo yake taruwa, manyan da suka tsufa kuwa a bar wa mai kanti kayansa. A soya albasa ɗaya da tafarnuwa a cokali ɗaya na man shanu, wuta kaɗan, kar su yi ja. A zuba tanif da dankalin Turawa guda ɗaya, shi ne zai ɗaure ruwan. A zuba romon kaza ya sha kansu, gishiri, masoro, a rufe minti 20 har cokali ya ratsa. A markaɗe a blanda ya yi sumul. Turawa kirim suke zubawa a ƙarshe, ni kindirmo nake sawa don rage maiƙo. Amma sai an sauke ya ɗan huce. Ranar farko na zuba yana tafasa, nan take ya tsinke, ya yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya kwana a rana. Haka na runtse ido na shanye, don tanif ɗin da kuɗi na saya.

8/
To wannan mene ne sunansa? Miya dai ba ita ba ce, Hajiya ta riga ta yanke hukunci: miya abokiyar tuwo ce. Romo tsararo ne, ana hango gindin kwano. Farfesu sai da nama da yaji. Kunu an kusa, amma kunu da albasa da gishiri? 'Yar Sudan ta ce shurba, sai dai a Kano sai an yi bayani. Abin da ya rage shi ne fate. Shi ne abincin da muke ci shi kaɗai da cokali, mai kauri, mai gishiri, da ake laƙaba masa sunan abin da aka yi shi da shi: faten wake, faten dankali, faten doya. An ce mini fate ai yana da gaɓa-gaɓa, wannan kuwa sumul yake. Na yarda. Sai a ƙara kalma ɗaya, markaɗaɗɗen faten tanif. Ita ce ma ta ɗauke mana nauyin fassara wancan laushin da Turawa ke yabo, ba sai mun ce "mai kirim" ba, tunda nawa babu kirim a ciki.

9/
Ɗazu na sake kiran Hajiya na ce mata jiya faten tanif na sha. Faten bai dame ta ba ko kaɗan. Ta ce, "Tanif kuma? Kamar rizga yake?" Na ce a'a, ɗan uwan kabeji ne mai jikin albasa. Ta ce in zan dawo in taho mata da irinsa ta gwada a bayan gida lokacin hunturu, kusa da inda take shuka latas.