Matsin cikin ido, ko hawan jinin ido?

'Yan uwa masu Hausa a baka, ku taya ni. Jiya na raka Gwaggo wani asibiti nan Katsina aka yi mata allurar Avastin a cikin ƙwayar ido, saboda ciwon suga ya taɓa mata gani. Ana zare allurar ta ce, "Ɗan nan, duhu nake gani." Ma'aikaciyar jinya ta ce hawan jinin ido ne, zai sauka. Gwaggo ta ce, "Wane hawan jini kuma? Ai na sha maganina da asuba."

Nan na gane kalmar tana ɓatar da mutane. Ba jini ba ne. Ido kamar salka yake, cike da ruwansa, kuma awon ƙarfin da ruwan ke tura bangonsa, in ido lafiya yake, tsakanin 10 ne da 21. Maganin da ake tsirawa bai wuce 0.05 na mililita ba, amma da yake ba wurin faɗaɗawa, nan take awon kan haura 40. Galibi cikin rabin awa zuwa awa guda ya lafa. Allurar sitiroyid kuwa, wani maganin daban da ake yi a ido, takan sake tayar da shi bayan makonni. To, me za mu kira wannan abin?

Da na fara tambaya, wani malamin Hausa daga Daura ya ce "hawan ruwan ido". Ma'anar ta yi daidai, Malam, amma ruwan ido ai na mai zaɓen atamfa ne a kasuwa. Wata ta kawo "tsaurin ido", tunda likita kan danna ya ji ƙwayar ta yi tauri. Haba Hajiya! A ce wa tsohuwa tana da tsaurin ido? Sai an kai ga mai unguwa. "Cikar ido" ma ba ta yi ba, ta yi kusa da kwarjini.

Ni dai na tsaya kan "matsin cikin ido". Yana hawa, yana sauka, ana auna shi da lamba. Kuma ya bambanta da gilakoma, cutar da ke cin jijiyar gani a hankali.

Malamin ya dawo ya ce ta yi tsawo, a bar ta "matsin ido". Na gwada wa Gwaggo, sai ta runtse idanu ta matse su, ta ce, "Haka?" Don haka "cikin" na nan daram, Malam.