Neman kalma: me za mu kira "insignia" da Hausa?

Salamu alaikum, 'yan'uwa masana harshe. Ina rubutu kan masu tara kayan ma'aikatan jiragen ruwan dakon kaya na Birtaniya na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sai kalmar "insignia" ta tsaya mini a wuya. Turawa suna haɗa duk abin da ake maƙalawa a tufa don nuna aikin mutum da matsayinsa a ƙarƙashinta. Ku fara ganin kayan tukuna.

Na farko wani ɗan ƙarfe ne na azurfa, bai fi kan babban yatsa ba. Haruffa biyu ne a jikinsa, M da N, wato "Merchant Navy", sunan da Turawa ke kiran jiragen dakon nan da ma'aikatansu, igiya ta kewaye su an ƙulle ta a ƙasa, ga kambi a sama. A farkon 1940 aka fara raba shi. Yawancin ƙananan ma'aikatan jiragen nan ba su da kaki, da kayan gida suke sauka gari, mutane na yi musu kallon matsoratan da suka guje wa yaƙi. Alhali ma'aikatan jiragen nan sama da 30,000, manya da ƙanana, sun mutu a teku, kuma kafin Mayun 1941, ranar da jirgin mutum ya nutse ranar ake tsayar masa da albashi. Wannan ɗan ƙarfen ne kaɗai ke kare musu mutunci a titi.

Sai na hular hafsoshi: anga, wato ƙugiyar tsayar da jirgi, a kan jan ƙyalle, ganyaye na zaren zinariya sun kewaye ta. Sai layukan zinariya a bakin hannun riga, huɗu na kyaftin. Launin da ke tsakanin layukan ke faɗin sashen mutum: shunayya na injiniya, ja na likita, fari na mai kula da kuɗi. Wasu kamfanoni kuma tutarsu suke sawa a hula da maɓallai.

To, wani malami ya ce "bajo" ta isa. Malam, Allah ya ƙara sani, bajo ta zauna daram a kan na ƙirji da na hula, ban ja ba. Amma ba Bahaushen da zai ga layi a hannun riga ya ce bajo. Igiya muke cewa: kofur mai igiya biyu, saje mai igiya uku. Na kafaɗar hafsa kuwa anini aka ce masa tun zamanin da ake kashe anini. Ashe ƙananan sunayen muna da su, rumfar da za ta rufe su duka ce babu.

"Lamba" ma an kawo, ni kuwa ina tsoronta. Da ka ce lamba, kunne ya tafi lambar yabo ko lambar girma, kuma masu tara kayan nan sun raba su sarai: lambar yabo bayan aiki ake ba da ita, abin da muke magana a kai kuwa ana cikin aikin ake sa shi. "Tambari" ta dace da na kamfani kawai. Wanda ya samu maɓalli mai tutar Elder Dempster, kamfanin Libaful da jiragensa ke zirga-zirga zuwa Legas, suna ɗaukar gyaɗar da jirgin ƙasa ya sauko da ita daga Kano, ya ce ya samu tambarin kamfani, ya yi daidai. Kamfanin nan ya sha asara: jiragensa Accra da Apapa sun nutse a 1940, Abosso a 1942, kuma mutanen Afirka ta Yamma da dama suna aiki a jiragensa. Shi ya sa nake son a yi maganar da harshenmu yadda ya kamata.

Wata 'yar'uwa ta ba da "alamar kaki", ta kuma kusa ƙwarai. Sai dai Hajiya, ki duba ɗan azurfar nan: rashin kaki ne ya haife shi, a kan kwat ɗin gida ake maƙala shi. In muka ce alamar kaki, mun fitar da shi waje.

Don haka ni na tsaya a kan "alamar aiki", jam'i "alamomin aiki". A ƙarƙashinta bajo, igiya, anini da tambari kowa ya riƙe wurinsa, lambar yabo kuma tana gefe. Na gwada ta a jimla: "Yana tara alamomin aikin ma'aikatan jiragen dako na zamanin yaƙi." Ba ta yi tuntuɓe a baki ba. Mutanenmu na Damagaram da Maraɗi, ku faɗa mana ko akwai wata da tsofaffin sojojinku ke amfani da ita, don a can aron daga Faransanci ya zo, ba mamaki kun riga mu samun wadda ta fi wannan.