Za mu kai Baba hoton zuciya, a taimaka da shawara

Baban Usman: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata uku ke nan da muka dawo Ringim da Baba daga Indiya, inda aka yi masa aikin zuciya, aka yi wa jini sabuwar hanya ta kewaye jijiyoyin da suka toshe. Alhamdulillahi, da ƙafarsa yake zuwa masallaci. Likitocin sun ce a yi masa hoton eko, wato sikanin na zuciya. Akwai mai sikanin kusa da kasuwa, inda ake kai masu juna biyu. Zai wadatar?

Hajiya Inna: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Ɗana, kada ku kai shi can. Na mai gidana, asibitin Malam Aminu Kano muka je, sashen masu ciwon zuciya.

Anti Nas: Gaskiyar Hajiya ce. Na'urorin dangin juna ne, dukansu da sauti suke aiki, ba allura ba yanka, amma duba zuciya aikin likitan zuciya ne. Yaya, fara duba takardar sallama: wace jijiya aka dasa masa?

Baban Usman: An rubuta LIMA, kuma akwai dogon ɗinki a ƙafarsa ta dama.

Anti Nas: To iri biyu ke nan. LIMA jijiya ce da ke cikin ƙirji ta hagu, ita aka karkato zuwa gaban zuciya. Da yake tana kusa da haƙarƙari, gwani yana iya kama ta da eko mai auna gudun jini. Abin da yake nema shi ne jini ya fi gudu lokacin da zuciya ta saki, domin a lokacin ne take shan nata jinin. Ita ce mai ƙarko, kusan 9 cikin 10 suna nan a buɗe bayan shekara 10. Wadda aka ciro daga ƙafa kuwa ta fi saurin toshewa, kuma in a gefe ko bayan zuciya aka dasa ta, da wuya eko ya gan ta. Sai dai ya nuna ƙarfin bugun zuciya da ko wani ɓangarenta ya yi rauni. Don haka in an ce hoto ya yi kyau, ku tambaya: wace jijiya aka gani?

Malam na Gumel: In ba a gani ba fa, Anti?

Anti Nas: In yana jin nauyi a ƙirji ko haki, likita zai iya tura shi hoton siti (CT), wanda ake sa ruwan allura don jijiyoyin su fito. Saboda ruwan allurar, sai an gwada ƙoda tukuna, musamman mai ciwon suga.

Hajiya Inna: Ku tafi da duk takardun Indiya da kwalayen maganinsa. Kuma don Allah kada ya bar asfirin da maganin kitse don ya ji sauƙi. Namu ya taɓa bari sati biyu, wai ya warke, ba ƙaramin tashin hankali muka gani ba.

Malam na Gumel: Ku hana shi ɗaukar buhu ko fartanya sai likita ya yarda. Na san Alhaji, damina na faɗuwa zai nufi gona.

Baban Usman: Wallahi jiya ma sai da ya tambayi iri. Na gode ƙwarai. Litinin zan yi sammako Kano in karɓo rana. Anti, sai ya yi azumi kafin hoton?

Anti Nas: A'a Yaya, eko na ƙirji ba ya buƙata. Ya karya, ya sha maganinsa, a sa masa riga mai sauƙin cirewa.