'Yar kwalbar da ake ɗigawa a Chapman, me ke cikinta?

Mai Girkin Biki, Kaduna

Assalamu alaikum jama'a. Ina yin abincin biki da suna, kuma yanzu kowace amarya sai ta ce a sa mata Chapman a wajen dina. Haɗin da maƙwabciyata ta koya min shi ne Fanta, Sprite, jan ruwan grenadine, lemon tsami, lemon zaƙi, kokwamba da ƙanƙara. To amma akwai wata 'yar kwalba mai murfi ruwan ɗorawa, takardar jikinta ta yi mata yawa har ta haura wuya, an rubuta Angostura. Ta ce in babu ita, lemon kwalba kawai na gauraya. Na shinshina, ƙamshin kanumfari da magani nake ji. Don Allah wa ya san ta? Akwai giya a ciki? Asabar mai zuwa ina da biki.

Ɗan Filato

Hajiya, sannu da aiki. Na daɗe ina haɗa abin sha a mashayar otal, a Jos da Abuja, kwalbar nan kuwa kullum tana gefen hannuna na dama. Amsa a taƙaice: akwai, kuma mai ƙarfi. Juya ta ki duba, za ki ga kashi 44.7 cikin ɗari. Yawancin wiski kashi 40 ne. Abin da ya sa mutane ba sa lura shi ne ba a shan ta, ɗiga ta ake yi, ɗigo uku ko huɗu a babban tambulan.

Hancinki bai yi ƙarya ba, asalinta magani ce. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, shi ne ya haɗa ta a 1824, lokacin yana kula da sojojin Simón Bolívar, jagoran yaƙin neman 'yanci a Kudancin Amurka, a garin Angostura na ƙasar Benezuwela, wanda yanzu ake kira Ciudad Bolívar. Ciwon ciki ya addabi sojoji, sai ya jiƙa saiwoyi da kayan ƙamshi a barasa. Matuƙan jiragen ruwa suka ɗauke ta saboda amai da jiri a teku. Sojojin ruwan Ingila kuma suka riƙa ɗiga ta a barasar gin, ruwan ya koma ja-ja, aka samu abin da ake kira Pink Gin. A 1875 'ya'yansa suka kwashe sana'ar zuwa tsibirin Tirinidad, har gobe can ake yi, kuma ba sa faɗin abin da ke ciki.

Takardar da ta yi yawa ma da labarinta. Ana cewa ɗaya daga cikin 'ya'yan ne ya yi odar kwalba, ɗaya ya yi odar takarda, ba su yi shawara ba. Da kaya suka iso lokaci ya ƙure, aka manna a haka, ta zama alama.

Mu a wajen aiki, da ita ake gane wanda ya iya. Baƙo in ya ce Old Fashioned, sai ka sa ƙwayar sukari ɗaya a ƙasan tambulan, ka ɗiga mata sau biyu ko uku har ta yi duhu, ɗan ruwa kaɗan, ka murƙushe, sannan wiski da ƙanƙara babba. A ƙarshe ka murɗa ɓawon lemon zaƙi a saman kofin, man ya fantsama. Tun 1806 wata jarida a jihar New York ta lissafa wannan tsari: barasa, sukari, ruwa da abu mai ɗaci. Yaran yanzu sai su cika kofi da kayan zaƙi kala-kala, ni dai ban ga gwaninta a nan ba.

Chapman kuwa namu ne, galibi ana danganta shi da Ikoyi Club a Legas. Ni Kirista ne, amma in baƙo Musulmi ya nema, sai na gaya masa abin da ke cikin kwalbar kafin in ɗiga. Da yawa cewa suke a bari.

Ummu Sadiya

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa ki ajiye ta kawai, hukuncin ɗigo kuma ki bar wa malamai. Ni tafasa kanumfari nake yi da citta da kirfa da ɓawon lemon zaƙi, a ruwa kofi ɗaya, har ya ƙone saura rabi, in tace. Cokali ɗaya a jug ya isa. In grenadine ya yi tsada, zoɓo mai kauri yana ba da kalar.

Malamin Tarihi

Hajiya, in ɗacin kike nema, akwai tonik, wani lemon kwalba mai ɗaci, babu giya a cikinsa. Ɗacinsa na kwinin ne, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake samu daga ɓawon itacen sinkona na tsaunukan Kudancin Amurka. Turawan Ingila a Indiya su ne suka riƙa kashe ɗacin da sukari da gin. Kwinin ɗin nan ya shafe mu kai tsaye: a 1854 Dokta William Baikie ya shigo kogin Neja da Binuwai a jirgin Pleiad, yana ba mutanensa kwinin kullum, ya koma babu wanda zazzaɓi ya kashe. Kafin nan, Turawan da suka gwada shigowa ta kogin mutuwa suke yi kamar ƙudaje. Kwinin da ke cikin kwalbar tonik a yau kaɗan ne, ba ya maganin komai.

Mai Girkin Biki, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan gwada na Ummu Sadiya da tonik ɗin. Yaya Ɗan Filato, nawa zan zuba?

Ɗan Filato

Fanta biyu, Sprite biyu, tonik ɗaya. Ki haɗa grenadine da ruwan kanumfarin da lemon tsami tun da safe, ki sa a firij. Lemon kwalbar kuwa kada ki buɗe sai baƙi sun zauna, in ba haka ba gas ɗin zai fice. Kokwamba ki yanka sirara, ita ce ƙarshen shiga.