Mai gida ya sauya tsarin gini da baki: wa zai ɗauki kuɗin da jinkirin?

Sani, Jidda: Salamu alaikum. Gida ne mai hawa biyu, wa'adin wata goma. Bayan an zuba kankaren bene na farko, mai gida ya ce a matsar da matakala, a ƙara banɗaki, duk da baki. Mukawil, wato ɗan kwangila, ya fara ko ya dakata? In wa'adi ya wuce, tarar jinkiri a kan wa?

Injiniya Bala, Riyad: Wa alaikumus salam Malam Sani. Ya dakata sai an rubuta amr tagyir, wato takardar umarnin canji. A ciki a sa abin da aka sauya, yawan rodi da kankare da bulo, farashi, da kwanakin da za a ƙara, mai gida da istishari (injiniya mai sa ido kan aikin) su sa hannu. Gurbin kwanakin nan shi aka fi mantawa, sai a biya kuɗin canji amma tara ta hau kan mukawil. Matsar da matakala kuwa fasa kankare ne, dole ofishin da ya yi zanen ya sake lissafin nauyi. Idan ya saɓa wa lasisin da aka ciro a Balady (shafin intanet na hukumomin birane a Saudiyya), a gyara lasisin tukuna, don kada a maƙale wajen karɓar shaidar kammala gini. In kwangilar FIDIC ce (tsarin kwangilar gini na ƙasa da ƙasa), kwana 28 kawai ake da su na sanar da neman ƙarin lokaci.

Usman, Makka: Injiniya ya gama magana. Sai dai a duba watan da ƙarin kwanakin zai faɗa. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a cikin zafin rana a Saudiyya daga ƙarfe 12 zuwa 3, da azumi kuma awa shida ce ga ma'aikaci Musulmi. Kwana goma a takarda kan koma sha biyar a fili. A riƙa rubuta rahoton kullum da hotuna: ma'aikata nawa, me ya tsayar da aiki.

Hajiya Rabi, akanta: Ɗan'uwa, kada a cakuɗa kuɗin canjin da na asalin aiki a mustakhlas (takardar neman biyan kuɗin aikin da aka yi), a ba shi layinsa daban. A fayyace ko farashin ya haɗa da harajin VAT na kashi 15. Kason da mai gida ke riƙewa har a miƙa gini, biyar ko goma cikin ɗari, shi ma zai shafi wannan ƙarin.

Sani, Jidda: Saƙon WhatsApp fa, Injiniya?

Injiniya Bala, Riyad: Ya fi babu, amma ba ya ɗauke da farashi ko kwanaki. A mayar da shi takarda a ranar.