Tambaya kan adon harshe: ina iyakar siffantawa, ina dabbantarwa ta fara?

Ɗalibar Adabi:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa ɗalibai. Ina karanta Hausa a kwalejin ilimi, kuma a wannan zangon muka shiga nazarin rubutacciyar waƙa. Jigo da warwararsa ba su ba ni wahala ba, haka ma zubi da tsari, domin ƙirga ɗangwayen baiti da gano amsa-amo abu ne da ido yake gani a kan takarda. Inda na cije shi ne adon harshe. An koya mana cewa idan mawaƙi ya ce sarki zaki ne, ya yi siffantawa, sannan aka sake koya mana cewa ɗora wa mutum halin dabba dabbantarwa ce. To zaki dabba ne, sarki kuwa mutum, saboda haka da wane suna zan kira irin wannan ɗango idan ya fito a jarrabawa? Ina kuma neman ƙarin haske a kan alamtarwa, domin a wurina ita ma tana kama da siffantawa. Allah ya saka da alheri.

Malamin Sakandare:

Wa alaikumus salam. Malama, wannan tambaya tana da kyau, kuma kusan duk ɗalibin da ya yi karatun da gaske sai ya tsaya a wannan wuri. Bari in ɗauki abu guda, jahilci, in juya shi ta hanyoyi daban-daban da jimlolin da na ƙirƙira domin misali kawai.

Idan aka ce "jahilci kamar kumurci yake", kamance ne, saboda abubuwa biyun suna nan kowanne da sunansa, kuma akwai kalmar da ta tsaya a tsakaninsu, irin su kamar, tamkar, awa, ko sai ka ce. Wannan shi ne kamancen daidaito. Idan aka ce "jahilci ya fi kumurci dafi", an koma kamancen fifiko, idan kuma aka ce "kumurci bai kai jahilci dafi ba", kamancen kasawa ke nan. Da zarar an cire kalmar tsakiyar aka ce "jahilci kumurci ne", an shiga siffantawa, domin mawaƙi ya daina gwada abubuwa biyu, ya ce wannan shi ne wancan kai tsaye.

Yanzu ki duba wannan: "Jahilci ya fasa kai a bakin zaure, ya sari yaron da ya ƙi allo." Babu inda aka ambaci maciji, amma an ba jahilci fasa kai da sara, waɗanda ayyukan maciji ne. A nan dabbantarwa ta fito sosai. Ita da mutuntarwa (ɗora halin mutum) da abuntarwa (ɗora halin abu marar rai) rassa ne na jinsintarwa, kuma abin da ya haɗa su shi ne a ɗauko aiki ko hali na wani jinsi a ɗora wa abin da ba na jinsin ba. Saboda haka ni a ajina, idan suna aka sauya na ce siffantawa, idan aiki ko hali aka ara na ce jinsintarwa. "Sarki zaki ne" siffantawa ce, "sarki ya yi ruri, dawa ta yi tsit" kuwa dabbantarwa.

Almajirin Zaure:

Allah ya gafarta Malam, bayanin ya fito fili. Ina so in ƙara wani abu daga ɓangaren balagar Larabci, domin malaman da suka rubuta waƙoƙin Hausa a ƙarni na 19 da ita suka tashi, kuma da ma'auninta suke auna kyawun magana. A balaga, jimla irin "sarki zaki ne" ba ta fita daga babin tashbihi ba, wato kamance, ana kiranta tashbihi baligi, saboda har yanzu ana ambaton ɓangarorin biyu, kalmar kamantawa da fuskar kamar kaɗai aka share. Ba a cewa an yi isti'ara, wato aron kalma, sai an ɓoye ɗaya daga cikin biyun. Idan mutum ya ce "na ga zaki a kan doki yana saran maza", yana nufin jarumi ba tare da ya ambace shi ba, ya yi isti'ara bayyananniya. Idan kuma ya ɓoye dabbar ya bar aikinta, kamar misalin Malam na fasa kai da sara, malaman balaga suna kiranta isti'ara makniyya, kuma ita ce ta yi daidai da abin da ake kira dabbantarwa a makarantun boko.

Na kawo wannan ne domin ɗalibarmu ta san cewa rikicewar da ta samu tana da tushe. Layin da aka ja a nazarin Hausa na jami'a bai faɗa daidai inda na balaga ya faɗa ba, kuma wanda ya yi karatun zaure kafin ya shiga kwaleji yakan ji abin ya yi masa bambaraƙwai. A fannin karin waƙa ba a samu irin wannan saɓani ba, domin an ɗauko aruli kusan yadda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara shi a ƙarni na 8, da karuruwansa 15 da Mutadarak da aka ƙara daga baya suka zama 16, aka ɗora shi a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi ta Hausa. Shi ya sa har gobe muke cewa Kamil da Rajaz da Mutaƙarab ba tare da an sake musu suna ba, alhali kalmomin adon harshe sababbi aka ƙirƙira da Hausa.

Mai Sauraron Kotso:

Ina girmama bayanin Malam, amma ban yarda cewa ma'aunin suna da aiki zai raba gardama a ko'ina ba. Akwai manazarta da dama da za su ga an kira mutum giwa ko zaki su rubuta dabbantarwa kai tsaye, kuma ba za a ce sun yi kuskure ba, tunda an fitar da mutum daga jinsinsa an kai shi na dabba. Waɗannan kalmomi ba tsofaffi ba ne, malaman jami'a ne suka tsara su, musamman Abdulƙadir Ɗangambo a Jami'ar Bayero ta Kano cikin littafinsa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, da Abdullahi Bayero Yahya a Sakkwato, da Sa'idu Muhammad Gusau a ɓangaren waƙar baka, kuma ba a kowace gaɓa bakinsu ya zo ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar ma'aunin rubutacciyar waƙa a ɗora wa waƙar fada ba tare da lura ba. Lokacin da makaɗi irin Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ya kira ubangidansa giwa ko toron giwa, ba sabon hoto ya ƙaga ba, kirari ne da fada ta gada, kuma kowa a wurin ya san shi tun kafin a buga kotso. Gwanintar makaɗin tana cikin abin da ya sa giwar ta yi a wannan ɗan waƙa, da ƙaramar dabbar da ya ajiye kusa da ita domin yi wa ɗan sarki mai neman gadon sarauta zambo, da yadda 'yan amshi suke karɓewa su mayar da magana kan gindin waƙa. Ɗalibin da ya rubuta "siffantawa" ya wuce bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Game da alamtarwa kuwa, Malama, bambancinta shi ne ba a faɗin abin da ake nufi ko kaɗan, ana dogara ne da abin da jama'a suka riga suka sani. A siyasar Arewa ta shekarun 1950, tauraro alamar jam'iyyar NEPU ce, fartanya kuwa ta jam'iyyar NPC. Mawaƙin wancan zamani idan ya ce tauraro ya haska gari, masu sauraro sun san jam'iyyar da yake yabo, amma yaron yau da bai san tarihin ba zai ɗauka maganar dare ake yi. Siffantawa tana ɗauke da mabuɗinta a cikin ɗango, alamtarwa kuwa sai an nemo nata a tarihi da al'ada.

Ɗalibar Adabi:

Na gode ƙwarai, malamaina, yanzu alamtarwa ta zauna mini. Amma tunda manazarta da kansu sun saɓa a kan "sarki zaki ne", me zan rubuta wa mai duba takardata, wanda amsa ɗaya yake jira?

Malamin Sakandare:

Ki bi rabon da malaminki ya koyar a aji, domin da shi zai duba takarda, amma kada ki tsaya a kan sunan kaɗai. Ki kawo ɗangon yadda yake, ki ce siffantawa ce saboda an kira sarki da sunan zaki ba tare da kalmar kamantawa ba, sannan ki ƙara jimla guda cewa wasu manazarta suna sa irinsa a dabbantarwa tunda abin da aka siffanta shi da shi dabba ne. Daga nan ki faɗi abin da zakin ya ƙara wa jigon, ko kwarjini ne, ko tsoratar da abokan gaba, ko nuna cewa babu na biyunsa a ƙasar. Idan kuma baitin da ke biye ya ci gaba da hoton, aka kawo ruri da farauta da dawa, ki nuna cewa ta zama doguwar siffantawa, ki jero ɗangwayen da suka ɗauke ta ɗaya bayan ɗaya.