Shawarwarin masu kwasar shara da share gidaje a Zariya

Masu tura baro da masu kwashe tarkacen tsofaffin gidaje daga Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru sun tattauna kan haɗurran sana'arsu. Abin da suka fi nanatawa shi ne hannu: kada a cusa shi cikin buhun da ba a ga cikinsa ba. Fasasshiyar kwalba, reza da allurar da aka yi amfani da ita duk a nan suke ɓuya. Safar hannu mai kauri da takalmin roba wajibi ne, silifas ba ya tare ƙusa. Wanda ƙarfe mai tsatsa ya soka, ya wanke wurin da sabulu, ya nufi asibiti a yi masa allurar tetanus. Zuba fetur ko man birki a ciwo, kamar yadda wasu ke yi, illa kawai yake ƙarawa.

Dattawan sana'ar sun ja kunne kan ɗakin da ya daɗe a kulle. A buɗe taga ya sha iska, a taɓa kaya da sanda saboda maciji da kunama. Da damina kuma a duba katangar ƙasa kafin a shiga. Tsohon silin asbestos kada a farfasa shi; ƙurarsa na lalata huhu bayan shekaru, gara a jiƙa shi a sauke a hankali.

Batirin mota da kwalaben fiya-fiya a ware su daban, kada a ƙona. A ganina, masu gida ma da hakki a wuyansu: su faɗi abin da ke cikin kayan, su daina ba yara ƙanana wannan aiki don neman araha.